Shin Kasuwa Za Ta Iya Abin da Agaji Ya Kasa?

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Zan ajiye wata magana a nan, wanda ya ga zai iya sai ya ɗauka. Ni dai na gamsu cewa manyan matsalolin duniya, irin su talauci da rashin lantarki da ƙarancin ruwa mai tsafta da cututtuka, ba agaji ne zai kawar da su ba, kasuwanci ne. Ba ina nufin kasuwancin cin gumin talaka ba. Ina nufin kamfanin da aka kafa don ya magance wata matsala, yana sayar da kayansa, yana riƙe kansa da kansa. Dalilina shi ne, aikin da yake kan kuɗin agaji, ranar da mai bayarwa ya gaji ranar ya mutu. Kowa ya ga abin da ya faru a 2025 da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, yadda ayyukan lafiya suka tsaya cak a ƙasashe da dama. Shi kuwa mai sayarwa, muddin akwai mai saye, gobe ma zai buɗe.

Ummi: Wa'alaikumus salam. Yaya Nasiru, kai fa fitilun sola kake sayarwa. Ko dai talla aka zo yi mana da sunan muhawara?

Nasiru: Ƙanwata, ban ɓoye ba ai. Sana'ata ce, shi ya sa na san abin da nake faɗa. Ga misali wanda ba nawa ba. A 1976 Muhammad Yunus yana koyar da tattalin arziki a jami'ar Chittagong a Bangladesh, ya shiga ƙauyen Jobra ya tarar da mata masu saƙa kujerun gora, duk abin da suka samu yana komawa hannun masu ba su bashin kayan aiki. Ya lissafa mutum 42, abin da suke buƙata gaba ɗaya bai wuce dala 27 ba. Ya ciro daga aljihunsa ya ba su rance, ba sadaka ba. Daga nan aka samu bankin Grameen a 1983, masu karɓar bashinsa miliyoyi, kusan dukansu mata, har aka ba Yunus da bankin lambar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Da sadaka ya ba su, da an ci an wanke hannu.

Malam Isyaku: Nasiru ɗana, ka fara labari daga inda yake da daɗi, ka kuma ajiye shi kafin ya yi ɗaci. Bari in ƙarasa maka. A Meziko akwai Compartamos, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar taimako tana ba mata ƙananan rance. A 2007 ta shiga kasuwar hannun jari, aka sayar da kashi 30 cikin 100 na kamfanin a kan sama da dala miliyan 400. Me ya ja masu kuɗi suka yi rububi? Kuɗin ruwan da take ɗora wa matan nan ya kusa ɗari bisa ɗari a shekara. Shi kansa Yunus ya fito ya soki abin, yana ganin an koma gidan jiya, wato masu bashi da ruwan da ya fito yaƙa. A Indiya kuma kamfanin SKS ya bi sahu a 2010. Ba a yi wata uku ba jihar Andhra Pradesh ta rikice, rahotanni suka yi ta fitowa na mutanen da bashi ya yi wa katutu har suka kashe kansu, gwamnatin jihar ta kafa doka ta taka wa masu ba da rancen birki, jama'a suka daina biya. Duk waɗannan da sunan taimakon talaka suka fara.

Nasiru: Allah ya gafarta Malam, ai wake ɗaya ne ya ɓata gari. Don wasu sun yi zalama ba zai sa a ce tsarin ne ba shi da kyau ba.

Malam Isyaku: To mu bar masu zalama, mu duba masu gaskiyar. A 2015 an wallafa bincike guda shida a tare, daga Indiya, Meziko, Maroko, Mongoliya, Bosniya da Habasha. Yadda aka yi shi ne, a ba wasu damar karɓar rance, wasu a bar su, bisa ƙuri'a, sannan a dawo bayan wani lokaci a gwada. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu Nobel ta tattalin arziki a 2019, suna cikin masu aikin. Abin da aka gano: wasu sun faɗaɗa sana'arsu, mutane sun ɗan samu walwalar juya kuɗinsu, amma a dunƙule kuɗin shigar gida bai ɗaga yadda za a ce an fita daga talauci ba. Ba guba ba ce, ba kuma waraka ba ce.

Hajiya Rabi: Ku ba ni wuri in shigo, don ni ba a takarda na karanta wannan ba. Shekara shida na yi ina aiki da wata cibiyar ba da ƙananan rance, ni ce mai zuwa karɓar biya duk mako. Mata ake haɗawa biyar biyar, kowace ta tsaya wa ƴar'uwarta. Ina zuwa da littafina da jaka, su zauna a da'ira, in kira suna, a miƙo, in sa hannu. Ba a tashi sai kuɗi sun cika, ko da za a kai la'asar. Akwai wata baiwar Allah mai ɗinki, ba ta taɓa saɓawa ba, sai ɗanta ya kwanta ciwo, jarin ya tafi asibiti. Mako na farko sauran huɗun suka haɗa suka cike mata. Na biyu suka cike suna gunaguni. Na uku ban ga kowa a wurin zama ba, ashe suna gidanta. Ina isa na tarar sun kwance kan keken ɗinkin daga teburinsa, ɗaya ta rungume shi kamar jariri, ita kuma tana tsaye bakin ƙofa ba ta ce uffan ba, zaren ma yana jikin allura. Ni ban ce su je ba. Amma da na koma ofis, a littafina rukunin nan ya biya ɗari bisa ɗari, har yabo aka yi mini a ƙarshen wata. Shi ya sa duk lokacin da na ji ana alfahari da cewa kashi casa'in da kaza na masu bashi suna biya, sai in tuna kan keken nan. Alƙaluman biya suna gaya maka lafiyar mai ba da bashi ne. Ba su san halin da mai karɓa yake ciki ba.

Ummi: Innalillahi. Mama, an mayar mata da keken?

Hajiya Rabi: Bayan wata biyu, da ƙaninta ya biya. Amma masu kawo mata ɗinki sun riga sun koma wani wuri. Kuma don Allah kar a ɗauka ina cewa babu wadda ta amfana. Na ga wadda ta fara da faranti ɗaya ta kai ga shago. Sai dai irinsu tun asali masu kan sana'a ne, ko ba mu za su tashi. Ba kowane talaka ne ɗan kasuwa ba, Nasiru. Yawancinsu da za su samu aikin albashi tsayayye, da gudu za su ajiye tallan.

Injiniya Bashir: Ni ina bayan Nasiru, amma ya zaɓi doki mara ƙafa. Ku bar maganar rance. Ku dubi M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya a Kenya. An fara a 2007, kamfanin waya na Safaricom ne ya fito da shi, ba ƙungiyar agaji ba. Mutumin da bai taɓa taka ƙofar banki ba ya koma yana tura wa mahaifiyarsa kuɗi ta ƙaramar waya, ba sai ya ba direba amana ba. Wani bincike da Tavneet Suri da William Jack suka fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga matsanancin talauci. Wace ƙungiya ce ta taɓa kafa wakilai a kowane lungu haka? Riba ce ta kai su, don kowane wakili yana samun ladansa.

Malam Isyaku: Injiniya, wa ya biya kuɗin gwajin farko?

Injiniya Bashir: Na san inda za ka, Malam. Hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, DFID, ta ba da kusan fam miliyan ɗaya, Vodafone, kamfanin waya mai hannun jari a Safaricom, ta ƙara nata.

Malam Isyaku: Madalla. Wato kuɗin agaji ne ya ɗauki kasadar da kamfani bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba. Sannan babban bankin Kenya ya ƙyale abin ya gudana alhali babu dokar da ta tanade shi. Da wani jami'i ya murtuke fuska ya ce a'a, da yanzu ba mu san sunan ba. Shi kuma adadin gidajen da ka kawo, akwai masana da suka yi jayayya da shi, amma ba zan tsaya a nan ba, na yarda abin ya yi amfani. Abin dariyar ma, don biyan ƙananan rance aka ƙirƙire shi, mutane suka karkatar da shi zuwa aika kuɗi gida.

Injiniya Bashir: To ai wannan hujjata ce, ba taka ba. Kamfani ya ga abin da mutane suke yi, ya bi su. Da shirin agaji ne da an rubuta rahoto cewa jama'a ba su fahimci manufa ba, a shirya musu taron wayar da kai. Mai saye yana da bakin magana, in bai so ba ya riƙe kuɗinsa. Mai karɓar kyauta kuwa godiya kawai ake jira daga gare shi.

Dakta Zainab: Na daɗe ina karantawa, wannan maganar ta ƙarshe ce ta taso ni. Injiniya, akwai gaskiya a ciki, amma tana da iyaka, kuma iyakar a fagena take. An daɗe ana cewa gidan sauro kar a ba da shi kyauta, wai abin da mutum bai biya ba ba ya daraja shi, zai yi kamun kifi da shi ko ya rufe shuka. Sai Jessica Cohen da Pascaline Dupas suka gwada a asibitocin awon ciki a yammacin Kenya. Wasu wuraren kyauta, wasu a kan ɗan kuɗi kaɗan. Da farashi ya tashi daga kyauta zuwa kimanin santi 60 na dala, wanda shi ma an riga an sauke shi ƙasa sosai da ainihin kuɗinsa, masu karɓa suka ragu da maki 60 cikin 100. Sannan da aka bi su gida, waɗanda suka samu kyauta suna rataya shi kamar yadda masu saye suke ratayawa. Farashin bai tace masu buƙata ba, korar su ya yi.

Ga abin da kasuwa ba ta iya lissafawa. Gidan sauro mai magani ba mai kwana a ciki kaɗai yake karewa ba, yana kashe sauron da zai je ya ciji maƙwabci. Ita mai ciki da ke tsaye gaban tebur tana juya ƴan kuɗinta, amfanin kanta take aunawa, ba za ta biya na maƙwabci ba, kuma ba laifinta ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma goyon bayan rabawa kyauta ko da rangwame mai yawa tun 2007. Wani bincike na 2015 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan gidan sauro ne ya jawo. Ba a shago aka sayar da yawancinsu ba. Ciwon agana ma da aka sanar da kawar da shi daga doron ƙasa a 1980, wa ya saya? Gwamnatoci ne da ma'aikatan lafiya suka bi gida gida. Allurar da za ta hana cutar da ba ka taɓa gani ba, babu mai layin saye.

Nasiru: Dakta, ranki ya daɗe, amma gidajen sauron nan wa ya saƙa su? Kamfanoni ne, kuma an biya su.

Dakta Zainab: Ƙwarai. Kamfani ya saƙa, asusun duniya na yaƙi da cututtuka ya saya, gwamnati ta raba. Ka ga kenan mai sayen ba talaka ba ne. Kai kuma da'awarka ita ce kamfani ya riƙe kansa da kuɗin wanda yake taimako.

Nasiru: To ga wanda ya yi hakan a fagenki. Asibitin ido na Aravind a Madurai, kudancin Indiya. Dakta Govindappa Venkataswamy ya buɗe shi a 1976 bayan ya yi ritaya, da gado 11. Yanzu suna yin aikin ido dubban ɗaruruwa a shekara, yawanci cire yanar ido. Mai hali ya biya, ya samu ɗaki mai kyau. Mara hali a yi masa kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma likitocin ɗaya ne. An tsara aikin yadda likita yana gama wannan ya juya ga na gaba, an riga an shirya shi a gado na biyu. Da suka ga ƙwayar gilashin da ake sa wa a ido tana da tsada daga waje, a 1992 suka kafa masana'antarsu, Aurolab, farashi ya faɗo zuwa ƴan daloli. Kuma ba bara suke yi ba, kuɗin masu biya ne yake ɗaukar sauran.

Dakta Zainab: Wannan kam na sara musu. Amma ka lura da abu biyu. Yanar ido aiki ne na sau ɗaya, mutum ya shigo ba ya gani, washegari a cire bandeji ya ga fuskar jikansa. Irin wannan attajiri zai biya da murna. Gwada haka da ciwon da ake jinya shekara goma. Na biyu, asibitin a hannun amintattu yake, ba masu hannun jari ba. Babu wanda yake jiran rabon riba a ƙarshen shekara.

Alhaji Sabo: Ni ɗan kasuwa ne, boko kaɗan na yi, amma ku ji nawa. Wannan abu da kuke ta ba shi sunaye, mu a wurinmu tsoho ne. Rijiyar Ruma a Madina, mai ita yana sayar da ruwa, Sayyidina Usman ya saye ta ya bar wa jama'a waƙafi. Da kasuwanci ya tara abin da ya saya da shi, amma da ya zo kan ruwan sha bai ce a riƙa biya kaɗan kaɗan don rijiya ta riƙe kanta ba. Ya raba biyun. A kasuwa ya nemi riba, a rijiya ya nemi lada. Ni abin da yake ɗaure mini kai da na zamani shi ne a zuba su a tukunya ɗaya, har mutum ya kasa sanin yau ciniki ya yi ko taimako. Kuma maganar kuɗin ruwa da aka yi ta wucewa a kai kamar ba komai, ni a wurina babba ce.

Malam Isyaku: Alhaji, akwai masu yi ba ruwa. Akhuwat a Pakistan, Dakta Amjad Saqib ya kafa ta a Lahore a 2001, rance suke bayarwa ba tare da kuɗin ruwa ba, sau da yawa a masallaci ake rabawa, har da coci. Sai dai kuɗin gudanarwarsu daga gudummawa da gwamnati yake fitowa, don haka Nasiru ba zai sa su a layinsa ba.

Nasiru: Alhaji, da girmamawa, rijiya ba ta da inji. Famfo yana lalacewa, batir yana mutuwa. Waƙafin da ba shi da kuɗin shiga, shekara biyu ka dawo ka tarar da kango.

Injiniya Bashir: Nasiru, a nan zan ɗan juya maka baya, don na tuna PlayPump. A Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro shi: lilo mai juyawa na yara, suna wasa yana jawo ruwa zuwa tanki a sama. A jikin tankin an bar wurin talla, wai kuɗin tallan ne zai riƙa biyan gyara. Ka ji tsari mai riƙe kansa. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alƙawarin dala miliyan 16.4. Abin da ba a lissafa ba shi ne yara suna gajiya, kuma lilon yana da nauyi tunda ruwa yake ja. Ƙarshenta mata ne, har da tsofaffi, suke tura lilo da hannu a rana. Kamfanoni kuma ba su ga dalilin sa talla a ƙauyen da ba masu saye ba. A wasu wuraren ma cire famfon hannu mai aiki aka yi aka dasa wannan.

Ummi: To wannan laifin kasuwanci ne ko na agaji? Ni na rikice.

Injiniya Bashir: Na mutanen da labari ya fi burge su a kan ruwa. Haka takalman TOMS, ka sayi ɗaya a ba wani yaro ɗaya kyauta. Tun 2006 ake yayinsa, a 2019 suka ajiye tsarin. Wanda ake faranta wa rai shi ne mai saye a Amurka, yaron da za a ba ba a tambaye shi ko takalmi ne damuwarsa ba.

Malam Isyaku: Tunda an ce manyan matsalolin duniya, mu ɗan ɗaga kai. Mutane kusan miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci a Sin cikin shekara arba'in. Ba ƙananan rance ba ne, ba kamfanonin taimako ba ne, ba kuma agaji ba ne. Gyaran tsarin noma ne, da masana'antu, da hanyoyi, da makarantu, da gwamnati mai tuƙi. Kai kanka Nasiru, farantin sola da kake sayarwa ya yi araha da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Dalili, Jamus ta kafa doka a 2000 ta sayen wutar sola da farashi mai tsoka, Sin kuma ta zuba jari a masana'antu. Kana cin inuwar bishiyar da masu biyan haraji suka dasa.

Nasiru: Na yarda, Malam. Amma Jamus ba ta kai fitila ɗakin kowa ba. Ni nake hawa babur in kai.

Malam Isyaku: Wannan gaskiya ne, ban kuma raina ba.

Dakta Zainab: Bari in ba Nasiru guda ɗaya, kar a ce mun taru a kansa. A 2001 maganin rage kaifin cutar ƙanjamau yana kai dala dubu goma zuwa sama a shekara ga mutum ɗaya. Yusuf Hamied na kamfanin Cipla a Indiya ya ce zai ba da haɗin magani uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. Ɗan kasuwa ne, kuma ya girgiza duniya. Amma dokar Indiya ta 1970 ce ta ba shi damar kwaikwayon maganin, sannan sai da aka kafa Asusun Duniya a 2002 da shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka na yaƙi da ƙanjamau a 2003 kafin miliyoyi su samu. Ko dala 350 ɗin ta fi ƙarfin yawancin masu ciwon.

Hajiya Rabi: Ni duk ƙasashen nan da kuke zagayawa ba su ne a raina ba. Nasiru, tambaya zan yi maka, ka amsa mini tsakani da Allah. Fitilunka biya kaɗan kaɗan ne, ko?

Nasiru: Eh, Hajiya. Mutum ya ba da kafin alƙalami, ya tafi da ita, yana biya ta waya har ya gama ta zama tasa.

Hajiya Rabi: In bai biya ba fa?

Nasiru: Akwai ɗan haske kore a jikin akwatin batir. In lokaci ya wuce sai ya koma ja, fitilar ta kulle kanta har sai an biya. Ba mai zuwa gidan kowa, ba mai ɗaukar kayan kowa. Ai ya fi abin da kika ba da labari.

Hajiya Rabi: Ya fi, don ba ka ganin fuskarsu.

Nasiru: Ina jin muryarsu dai. Lambata ce a jikin kwalin. Akwai daren da wani ya kira ni wajen ƙarfe goma, ya ce ƴarsa tana da jarrabawa da safe, wuta ta ɗauke tana tsakiyar karatu, albashi kuma bai shigo ba. Ina jin yarinyar a bayansa tana cewa Baba ka ce masa gobe. Na buɗe kwamfuta na sake masa kwana uku. Ya kuma biya. Amma ba zan yi ƙarya ba, in na yi wa kowa haka kamfani ba zai kai baɗi ba, waɗanda ba su samu fitilar ba tukuna kuma shi ke nan.

Alhaji Sabo: Yanzu ka yi maganar ƴan kasuwa. Jarin naka ne ko na wasu?

Nasiru: Da nawa na fara. Yanzu akwai masu son zuba kuɗi, irin masu cewa suna neman riba tare da amfanin jama'a. Takardar tana gabana ma. In na sa hannu zan iya ninka abin da nake kaiwa sau goma.

Malam Isyaku: To karanta a hankali. Emmanuel Faber ya shugabanci Danone, katafaren kamfanin madara na Faransa, wanda tun 2006 suka yi haɗin gwiwa da Grameen. A 2020 ya sa aka rubuta manufar kyautata wa jama'a da muhalli a cikin dokokin kamfanin, masu hannun jari suka amince. A watan Maris na 2021 wasu masu jari suka matsa cewa riba ta yi ƙasa da ta abokan hamayya, aka sauke shi. Ba na cewa masu kuɗinka mugaye ne. Wanda ya ci ladan kuturu dai dole ya yi masa aski. Duba mini wurin da aka yi maganar kujerun hukumar gudanarwa. Nawa ne naka, nawa ne nasu?

Nasiru: Biyar ne. Biyu nawa, biyu nasu, ɗaya sai mun yarda da shi tare. Suna kuma so mu ƙara da talabijin da firji, wai a nan ribar take.

Injiniya Bashir: Ba laifi ba ne wannan. Ribar firji za ta iya ɗaukar fitila, kamar dai asibitin idon da ka kawo.

Dakta Zainab: In an rubuta cewa za ta ɗauka. In ba a rubuta ba, mai babur ɗinka zai gane da kansa cewa kai firji ɗaya ya fi masa kai fitila ashirin.

Hajiya Rabi: Ni bar ni da firji. Kwana nawa kake ɗaga wa mutum ƙafa kafin koren nan ya koma ja?

Nasiru: Uku.

Hajiya Rabi: A takardar tasu fa?

Nasiru: Bari in duba, Hajiya. Shafi na goma sha ɗaya. Sun ce ɗaya.

Alhaji Sabo: Yaushe ne zaman naku?

Nasiru: Ranar Alhamis, Alhaji, in Allah ya kai mu.

Alhaji Sabo: Turo mini takardar ta akwatina yau da dare. Boko kaɗan na yi, amma yarona zai karanta mini, ni kuma in gaya maka inda za ka ja.